Murfin da Inna Ta Ɗaure

A gidanmu babu abin da ke buɗuwa cikin daɗin rai. Kwalbar man shafawa, robar sukari, jarkar kananzir, famfon tsakar gida, duk abin da ke da murfi ko ake murɗawa, in dai hannun Inna ya bi ta kansa, to sai ka nemi tsumma ka cije leɓe kafin ya motsa. Inna mahaifiyata ce, ni ce autarta, kuma ni na fi kowa shan wahalar wannan hannu nata, don ni ake aika ɗauko abu. Yayyena suka laƙaba mata Ɗaure-Tamau, a bayan idonta dai. Ranar da sunan ya kai kunnenta ko a jikinta, cewa kawai ta yi, "Ya fi a ce mini Zubar-da-Mai."

'Yar ƙaramar mace ce, in ka gan ta sai ka ce iska za ta ɗauke ta, amma duk ƙarfin da Allah ya hana jikinta ya tara shi a wuyan hannunta na dama. Kuma matsoraciya ce ta gasken gaske. Tana tsoron tsawa, tana tsoron ruwa mai zurfi, amma ba abin da ya kai wuta. Tana yarinya gidan maƙwabtansu ya ƙone ƙurmus saboda galan ɗin fetur da aka bari a buɗe kusa da murhu, kuma ta ga wanda aka fito da shi nannaɗe cikin tabarma. Tun daga nan hancinta ya zama na farauta. Ko a gidan biki ta ji ƙaurin wani abu sai ta ajiye loma ta tashi nema.

To ita ce Allah ya aurar wa mai fito. Baba kwalekwale gare shi, yana tsallakar da mutane daga ɓangarenmu zuwa ɗaya gaɓar kogi, inda kasuwa da asibiti suke. Shekara da shekaru da filafili da gora yake tuƙi, sai da kafaɗa ta fara yi masa gardama ya sayi inji na hannu, da jan tankinsa da tiyonsa. Mutumin da ya san kogi kamar tafin hannunsa, amma inji ya mai da shi baƙo a cikin jirginsa. Tsoron injin nan yake ji, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba. In ya yi tari sau ɗaya, Baba ya fara salati.

Bakaniken bakin kasuwa ya sha dariyarsa har ya gaji. Akwai ranar da inji ya ƙi tashi, Baba ya kwance shi, ya sa a baro, ya tura har shagon yana gumi, ashe 'yar jar igiyar nan ce da ake maƙalawa kafin inji ya tashi ta zame daga mazauninta. Wata rana kuma ya rantse cewa inji ya cije, igiyar tayar da shi ta ƙi jawuwa, ashe a giya ya bar shi. Wata rana leda ce ta naɗe farfela. Bakanike ya ce masa, "Malam, injinka lafiyarsa ƙalau. Gobe kai za ka kwanta a kan tebur in duba." Baba ya dawo gida yana huci, ya tara mu, ya kafa doka: kayan inji kada wanda ya taɓa, ko da kallo ne a yi daga nesa. Shi a ganinsa duk abin da ke samun injin nan hannun wani ne ya jawo.

Injin yana kwana a rumfar maigadin bakin ruwa, an ɗaure shi da sarƙa. Tankin kuwa gida yake kwana, saboda masu zuƙe mai. Daren farko da ya shigo da shi Inna ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, ko ni ko shi." Baba ya ce ai dukansu biyu ya ɗauko kuma ba wanda zai mayar. Aka sasanta a kan cewa tanki zai zauna a ɗakin ajiya, daura da ɗakinsu, nesa da kicin. Na taso ina ganin Inna tsugune a gabansa da tsumma, da yamma bayan Baba ya shiga wanka, da safe kafin ya fito. Na ɗauka goge shi take yi. Ita da ke goge gindin tukunya har ka ga fuskarka, wa zai yi mamaki.

Abin da zan ba da labari ya faru ne ina da aurena da shagon ɗinkina, na zo gida hutawa cikin damina. Da safe na ji faɗuwar kofi a ɗakinta, na jira in ji ta yi tsaki, ban ji ba. Da na leƙa sai na same ta a ƙasa jikin gado, bakinta ya karkace, hannun dama yana lilo kamar ba nata ba. Ta dube ni ta buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Ihun da na yi shi ya tara maƙwabta.

Wata maƙwabciyarmu da ta yi aikin shara a asibiti ta dafa Baba ta ce, "Malam, wannan ciwon ba ya jira. Ku tsallaka da ita yanzun nan." Hanyar mota sai an zagaya can ta sabuwar gada, ga ruwa ya cinye ta tun farkon damina. Ba wata hanya sai jirgin Baba.

Maza suka ɗauke ta a kan katifa. Baba ya faɗa ɗakin ajiya ya suri tanki. Da ya zo wucewa ta kusa da ita sai ta ɗaga hannun hagu, ta yi wani irin gurnani, idonta a kan tankin. Muka haɗa baki muka ce, "Sannu Inna, sannu." A bakin ruwa maƙwabta suka cire allunan zama don katifa ta kwanta sosai, suka fitar da duk abin da ya tare wuri. Kowa na ba da umarni, ba mai jin wani. Ni da Baba kaɗai muka shiga da ita, don ya ce jirgi ya fi gudu in ba nauyi.

Kogin ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa da tarkace. Ƙasa da mashigarmu akwai ginshiƙan tsohuwar gada da ta rushe tun ba a haife ni ba. Da rani yara na hawa kansu su yi tsalle. Da damina kuwa ruwa na dukansu yana tafasa yana juyawa, kuma duk wanda ya girma a bakin kogin nan ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda su. Baba kan nufi sama sosai kafin ya yanka, don ruwa ya sauko da shi daidai gaɓa.

Ja ɗaya inji ya tashi. Na ce alhamdu lillahi, na ɗora kan Inna a cinyata ina kare mata feshin ruwa da mayafina. Mun bar gaɓa, mun shiga tsakiya inda ruwa ya fi ƙarfi, sai na ji muryar injin ta canza. Ya yi tari. Ya sake yi. Ya ja wani dogon numfashi kamar mai shirin atishawa, sai ɗif.

Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Sai ƙarar ruwa a jikin katako, da wata ƙara can ƙasa wadda na san ta ginshiƙai ce.

"Baba, mene ne?"

"Ba komai, Auta. Riƙe uwarki."

Na ga yana bin darussan da bakanike ya koya masa da dariya. Ya taɓa jar igiya, tana nan. Ya duba giya, ya mayar da ita tsakiya. Ya ɗaga ƙafar injin ya leƙa farfela, fes take. Ya jijjiga tanki, mai na motsi a ciki. Ya ja igiya, injin ya kama ya yi 'yar ƙara, zuciyata ta dawo mazauninta, sai ya sake mutuwa. Ya ja, ya ja, ya ja, har hularsa ta faɗa ruwa bai ko waiwaya ba. Jirgi ya juya ya ba ruwa gefe, gaɓar da muka nufa ta fara wucewa a hankali.

Baba ya ce, "Miƙo filafili."

Na duba dama, na duba hagu, na cusa hannu ƙarƙashin katifa. Can na hango shi a gaɓar da muka baro, shi da gorar, an jingine su a kan allunan zama, tsaf-tsaf kamar an shirya su don sayarwa. Wallahi da wanda ya cire su yana kusa da ni a lokacin, da sai dai a raba mu. Mutanen bakin ruwa sun gane abin da ke faruwa, suna gudu a gaɓa suna ɗaga hannu, sun zama ƙanana. Sauran masu inji duk suna can ƙetare da 'yan kasuwa tun sassafe.

Na ɗauki yankakkiyar jarkar da ake kwashe ruwa da ita na fara tuƙi. Wauta ce, na sani, kamar mai share tsakar gida da tsinke ɗaya, amma hannu ba ya iya zama. Baba ya cire murfin inji, ya ɗauko sufanar kwance noti, ya kai ta kan fulogin da ke ba inji wuta, ta ƙi zama. Na ga jini a tafinsa inda igiya ta yanke shi. Ya ɗago ya dube ni, fuskar da ban taɓa gani a wurinsa ba.

"Ya mutu, Auta. Wannan karon da gaske ya mutu."

A lokacin ne Inna ta fara fizge-fizge. Tana tura katifa da ƙafar hagu, tana ɗaga kai, gurnanin nan na fita ba tsayawa. Na jefar da jarka na danne ta. Na ɗauka ciwon ne ya motsa, ko kuma rai ne ke shirin fita, na fara karanta mata duk abin da ya zo bakina ina kuka. Tana turewa ina dannewa. Jirgi na tangaɗi, Baba na cewa in riƙe ta kada ta kifar da mu. Ƙarar ginshiƙai ta cika kunnena, har ina ganin farin kumfa a gindinsu da wani kututture da ya maƙale yana girgiza.

Sai ta daina motsi, ta kafe ni da ido. Idon dama ya ɗan faɗa, amma na hagu nata ne sak. Na san kallon nan. Shi take mini tun ina 'yar mitsitsiya in na bar robar sukari a buɗe: kallon da ke cewa ke dai ba ki da hankali. Mai shirin mutuwa ba ya yi wa mutum irin wannan kallo. Na sake ta.

Da gwiwar hannun hagu ta ja jikinta, ta sauka daga katifa, fuskarta na gogar katakon jirgi, har ta kai ga tanki. Ta ɗora yatsu a kan murfinsa, ba babban murfin ba, wani ɗan noti da ke tsakiyarsa wanda ni ban taɓa lura da shi ba. Ta yi ƙoƙarin murɗawa, yatsun suka zame. Ta sake, suka zame. Sannan na ga tankin da kyau. Gefensa ya lotsa ciki kamar kumatun tsohuwar da ba haƙori, ƙwallon robar da ke tsakiyar tiyo kuma ya shafe, ya manne da kansa.

Na kai hannu. Baba ya daka mini tsawa, "Kada ku taɓa!"

Ga mutuwa a gabanmu, shi doka yake tunawa. Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ran nan. "Baba, ka bar fulogin nan, ka mayar da sufana! Inna ta san abin da take yi!"

Na kama notin da yatsu, ko gezau. Na naɗe shi da bakin mayafi, na murɗa har farcena ya karye, ko gezau. Hannun dama na Inna ne ya ɗaure shi jiya da yamma, hannun da yanzu ke kwance a cikin ruwan gindin jirgi ba ya jin komai. Duk murafan da na yi faɗa da su a rayuwata suka taru a wannan ɗan abu. Na durƙusa na kafa masa haƙori, warin fetur ya cika mini maƙogwaro, na juya kaina gaba ɗaya. Na ji wani abu ya ɓalle a bakina, na ji notin ya saki.

Tanki ya ja iska, fuuu, doguwa, gefensa ya buga ɓam ya dawo daidai. Baba ya tsaya da sufana a hannu yana kallonsa kamar ya ga akuya ta yi sallama. Amma mai fito ne, bai daɗe a tsaye ba. Ya damƙi ƙwallon robar ya yi ta matsawa har ya cika ya yi tauri, ya kama igiya da hannun da ke jini. Ja na farko ba komai. Na biyu tari. Ban san na nawa ne ya kama ba, don na rufe ido na rungume Inna, inuwar ginshiƙi ta riga ta faɗo a kanmu. Na dai ji ƙarar inji, na ji jirgi ya zabura, na ji bayansa ya gogi siminti da wani irin kuka, ruwa ya watso mana. Da na buɗe ido ginshiƙin na bayanmu, Baba na tsaye ba hula, bakinsa na motsi ba sauti.

Mun sauka nesa da mashiga, cikin gonar wani, mutane suka taimaka aka kai ta titi. Likita ya ce mun kawo ta a kan lokaci, rai zai tsaya. Hannun dama dai bai dawo ba. Maganar ta dawo da kaɗan-kaɗan, kamar yaro mai koyo, kuma abin da ta fara nema da ta iya haɗa kalmomi shi ne a kira mata Malam.

Ina zaune a bakin gadon ta ba shi labari, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. Tun daren farko warin fetur ya hana ta barci. Ta bi shi da hanci har ta gano ta ɗan notin nan yake fita, ta ɗaure shi. Da safe ta kwance shi yadda ta same shi, don kada a ce ta taɓa. Haka kullum, tun ina goye.

Baba ya ce, "Duk shekarun nan? Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka ce... kada a taɓa."

"To ya aka yi kika san shi ne ya kashe inji?"

Ta ce gwangwanin madara ma in ba a huda shi biyu ba, ba ya zuba. Kuma akwai safiyar da ta makara ta manta, a shekarar farko. Ran nan inji ya mutu kusa da gaɓa, ya yi kwanaki a shagon bakanike ba a ga komai ba, Baba ya ce an sayar masa da mai haɗe da ruwa.

Baba ya ce, "Mai fetur ɗin nan da na daina gaisawa?"

"Shi... bawan Allah."

Na yi dariya har haƙorin da ya ɓalle ya sa ni hawaye. Baba bai yi dariya ba. Ya kama hannun nata na dama, wanda ba ya ji, ya riƙe shi da hannu biyu ya daɗe yana kallonsa. Washegari aka gan shi a rumfar mai fetur yana miƙa hannu, mutumin ya rasa dalili.

Har yau Baba na fito, filafili kuma ɗaure yake da igiya a jikin jirgi, ba mai cire shi ko gawa za a ɗauka. Da yamma yakan kawo tanki ƙofar ɗakinta ya durƙusa ya ɗaure notin a gabanta, ita kuma ta girgiza kai, wai bai ɗauru ba. Da safe ya kwance shi a gabanta, su saurari fitar iskar tare. Ni kam tsoron bai sake ni ba. In na shiga jirgin kowa sai na leƙa murfin tankinsa, masu fito har sun san ni, suna cewa ga mai duba noti ta iso.

Kwanan baya na je gida, na shiga ɗakinta zan haɗa mata shayi. Na ɗauki robar sukari, na gyara tsayuwa, na cije leɓe kamar yadda na saba, sai murfin ya taho da yatsa biyu. Na tsaya da shi a hannu, baƙin ciki ya tokare ni, don ban san ina ƙaunar faɗan nan da murafanta ba sai da na rasa shi. Da na gama na mayar da murfin na ɗaure shi da duk ƙarfina, tamau, irin nata. Har na kai ƙofa na tuna da hannu ɗaya za ta buɗe shi gobe in ba na nan. Na koma na sassauta.